Jan Ƙyalle a Ƙofar Sito

Ƙanena Dogo bai taɓa niyyar zaman gida ba. Da wannan nake so in fara, don har yau akwai masu cewa ai shi dama mutum ne mai son inuwa, ya samu hanyar cin albashi daga kan katifa. Duk wanda ya faɗi haka bai san shi ba. Ni na goya shi, ni na sha wahalar nemo shi a layin bayanmu in yamma ta yi, kuma na san tun yana rarrafe ƙafarsa ba ta son ɗaki. Da ya girma ma aikin yawo ya samu. Wani kamfanin kayan gini ne ya ɗauke shi, yana zagaya shagunan da ke sarar kaya a wurinsu. Ya fita da safe da jaka a kafaɗa, ya dawo yana ƙorafin rana, alhali kowa ya san daɗin abin yake ji.

Abu biyu suka haɗu masa a shekara ɗaya. Kamfanin ya rufe reshensa na garinmu, aka ce mai so ya bi su can nesa. Kafin ya gama shawara, Baba ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, yana wani irin nishi da har maƙwabta suka ji suka shigo a guje. Likita ya ce zuciya ce. Ya rubuta magunguna, ya ƙara da wata 'yar ƙwaya da ake sawa ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe, sannan ya kalle mu ya ce kada mu riƙa barinsa shi kaɗai. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu. Ni ina gidan mijina a wancan ƙarshen gari, ga shagon ɗinki a kaina. Matar Dogo, wadda duk muke kira Malama, tana koyarwa a firamare, ba ta dawowa sai rana ta juya. Da muka iso gida, Dogo ya ce:

“Yaya, ba zan bi su ba. Zan nemi aikin da ake yi daga gida.”

Na ce, “Akwai shi ne, ko a waya ka gani?”

“Duka biyun,” in ji shi.

Na farkon da ya samu 'yan damfara ne. Suka ce ya biya kuɗin rajista za su riƙa turo masa aiki, ya biya, lambarsu ta mutu. Ya koma rubuta abin da ake faɗa a faifan murya, ya wuni yana sauraren taron wasu mutane masu magana kamar sun cika baki da ruwan zafi, yana mayarwa baya yana sake ji har kansa ya sara. Ya yi shigar da bayanai, wato a ba ka sunaye da lambobi ka kwashe daga nan ka zuba can, aikin da ya ce ko akuya aka koya wa za ta iya in dai tana da haƙuri. Ya koyar da lissafi ta bidiyo ga wasu yara da aka ajiye gaban waya aka fita, yana bayani suna ɗago masa kyanwarsu ya gani. Babu wanda ya ɗore. A ƙarshe wani kamfani mai sayar da kaya ta intanet ya ɗauke shi amsa kiran kwastomomi: wanda kayansa suka makara, wanda aka kawo masa abin da bai zaɓa ba, da wanda kawai ya tashi da haushi yana neman inda zai sauke. Suka aiko masa da abin kunne irin mai rufe kunnuwa biyu, da ɗan makirufo da ke tsayawa daidai baki. Bai taɓa ganin ofishinsu ba. Shugabarsa ma murya kawai ya sani, sai wani ɗan hoto da ya ce wataƙila tun tana makaranta aka ɗauka.

Siton gidan ya mayar ofis. Ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, tsakanin ɗakin Baba da banɗaki, mai taga ɗaya can sama. Ya kwashe tsofaffin akwatuna da karyayyiyar fanka, ya saka tebur da kujera, ya ja wayar lantarki, ya ajiye batir a ƙasa saboda ɗaukewar wuta. In ya zauna ya miƙe hannuwa, yana taɓa bango biyu. Mutum mai tsawonsa a wurin nan, sai ka ce an ninke tabarma an cusa a lungu.

A nan sai na faɗi ko wane ne Baba, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. Masinja ne har ya yi ritaya. Rayuwarsa ta aiki duka a kan benci ɗaya ya yi ta, a bakin ƙofar darakta. Daraktoci suka zo suka wuce, benci da Baba suna nan. A saman ƙofar akwai jan ƙwan lantarki. In ya kama, oga yana ganawa, babu mai shiga ko wane ne shi. Baba yana alfahari da cewa ba a taɓa wuce shi ba alhali jan ƙwan yana kunne, kuma yana da labarin ranar da ya tsayar da matar darakta da kanta, ta wanke shi tas, washegari mijin ya kira shi ya yaba masa. Mun ji labarin nan har mun haddace inda zai tsaya ya yi gyaran murya. A wurinsa aiki yana da kama: a goge kaya, a sa takalmi, a fita, a dawo da gajiya. Namijin da hantsi ya same shi a ɗaki, ko dai ba shi da lafiya ko an sallame shi.

Don haka bai ɗauki abin da Dogo ke yi a bakin komai ba. In baƙo ya tambayi ina yake, sai ya ce, “Yana ciki yana hira da bango. Wai biyansa ake yi.” Ya san sarai saboda shi aka zauna, kuma ina ganin wannan ne ya fi ci masa rai, cewa shi ne ya mayar da ɗansa abin nuni a unguwa. Amma Baba ba mutum ba ne da zai faɗi haka. Zolaya ta fi masa sauƙi.

Unguwa kuwa ta samu ɗan aike kyauta. “Tunda kana gida” ta zama gaisuwar da ake yi wa Dogo. Tunda kana gida, za a kawo mini saƙo, ka karɓa. Tunda kana gida, mai gyaran famfo zai zo, ka tsaya masa. Mai shagon kan layi ya raɗa masa suna Mijin Malama, yana faɗa yana dariya, wai wasa. Na taɓa tsayawa na tambaye shi ko shi da yake wuni a kan buhu yana korar ƙuda, mijin wa za a kira shi. Bai ƙara yi a gabana ba.

Wanda ya fi kowa shiga siton kuwa Baba ne. Ya turo ƙofa da rediyo a hannu, yana tambayar ina batir. Ya shigo neman tabarau, suna kan goshinsa. Ya tsaya a kan Dogo yana ba shi labarin wanda ya rasu a tsohuwar unguwarmu, ga kwastoma a kunne yana ji. Abin da Baba bai yarda da shi ba shi ne kowane kira ana naɗarsa, akwai masu zama su saurara su ba da maki: gaisuwa, haƙuri, saurin warware matsala, da shirun da ke bayan murya. Na ƙarshen nan shi ya riƙa kayar da Dogo. Gargaɗi ya zo, wani ya biyo baya.

Malama ce ta kawo dabara. Ta yaga gefen wani tsohon jan ɗankwalinta, ta ce a riƙa ɗaurawa a hannun ƙofa: in yana nan, ana kan layi, in an cire, kowa ya shigo. Baba ya kalli ƙyallen ya ce, “A gidana za a kafa mini doka da tsumma?” Kuma ya ci gaba da shiga abinsa, har ranar da Dogo ya fito idonsa ja, ya ɗaga masa murya, abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife shi.

“Baba, aikin nan da kake rainawa shi ke sayen maganinka!”

Magana ce ta gaskiya, amma ba ta faɗa ba ce. Baba ya juya ya shiga ɗakinsa. Da na zo na same su kowa ya kumbura, Malama tana tsakiya kamar wadda aka ba ajiyar wuta. Na yi wa Dogo tatas, na sa shi ya durƙusa ya ba da haƙuri. Baba ya ce ya wuce, yana kallon bango. Ya daina shiga siton, amma na fushi ne. Gidan ya yi shiru irin wanda ba ya yi wa kowa daɗi.

Abin da ya gyara su ba ni ba ce, ɗaukewar wuta ce. Wata rana da zafi fanka ta tsaya, Dogo ya ɗan sassauta ƙofa don iska ta shiga. Baba ya zo wucewa zuwa banɗaki, sai ya ji wani yana ta ihu a cikin abin kunnen, ihun da har waje yake fitowa. Baba ba shi da Turanci mai yawa, amma Turancin zagi da na ban haƙuri ya san su ciki da waje, da su ya ci abinci. Ya tsaya. Ya ji ana yi wa ɗansa wankin babban bargo a kan kayan da bai taɓa gani ba, shi kuma yana cewa a yi haƙuri, laifinmu ne, yanzu zan duba. Da kiran ya ƙare, Dogo ya kifa kai a kan tebur. Bai gama sauke numfashi ba wani kiran ya shigo, ya ɗago, ya gyara murya, ya yi gaisuwa da fara'a kamar yanzu gari ya waye masa.

Baba da kansa ya ba ni labarin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

“Uwata, ashe aikina yaron nan yake yi. A zage ka a kan laifin wani, ka ce ka gode, na baya ya shigo ka yi masa murmushi. Ni a benci na yi, shi a kujera. Ni da nake cewa zaman banza yake!”

Washegari ya yi wanka da wuri, ya fito da rigarsa ta zuwa ofis daga ƙasan akwati, ya goge ta, ya sa hula. Ya jawo farar kujerar roba ya ajiye a gefen ƙofar sito, ya zauna. Dogo ya fito ɗaura ƙyalle ya gan shi.

“Baba, lafiya?”

“Shiga ka yi aikinka. Ofis ba ya zama babu masinja.”

Daga ranar nan unguwa ta gane kurenta. Wanda ya zo da “tunda yana gida” sai ya tarar da Baba a zaune, ƙafa ɗaya kan ɗaya. “Ba ya gida, yana ofis. Ka bar saƙo.” Yaran maƙwabta da ke buga ƙwallo a jikin bango suka koma wani layin. Rediyonsa ma ya daina kunnawa sai an cire ƙyalle. Ni kaina ban tsira ba. Na zo wata rana da ɗinkin Malama, na nufi sito in gaisa da ƙanena, sai sandar Baba ta gitta gabana.

“Oga yana kan layi.”

“Baba, ni ce fa.”

“Na tsayar da wadda ta fi ki.”

Haka na tsaya a baranda da leda a hannu, ina jiran ɗan da na yi wa tsarki ya ba ni izinin shiga.

Baba ya kuma ɗora wa kansa gugar rigar Dogo kowace safiya. Dogo ya ce, “Baba, ba fa ganina suke yi ba.” Baba ya ce, “Ana jin rigar da ba a goge ba a muryar mai ita.” In lokacin hutu ya yi aka cire ƙyalle, sai ya miƙe ya shiga da kofin shayi, ya tsaya ya ba da rahoto: wane ya zo, an sallame shi, mai kuɗin shara ya ce zai dawo. Sannan ya tambayi yau wane ne ya fi iya zagi, Dogo ya kwaikwaya masa, su yi ta dariya har Baba ya riƙe ƙirji. Tun rasuwar mahaifiyarmu ban ga Baba da walwala irin ta watannin nan ba. Ya samu aikin yi, ya samu ɗan da zai yi alfahari da shi. A gaban mai shagon kan layi na ji yana cewa ɗansa da ƙasashen waje yake magana, ba da masu sayen ashana ba. Dogo ma ya yi ƙiba, makinsa ya hau, aka daina gargaɗi.

Ina nan a zaune ranar da Dogo ya yi masa maganar. Ya ce, “Baba, kai dokar nan ba ta hau kanka ba. In ka ji wani abu a jikinka, ka buga, ko ka turo ƙofar kawai. Don kai nake zaune a nan.”

Baba ya ƙame, ya sara masa. “An gama, ranka ya daɗe.”

Muka yi dariya, har da ni. Mun ɗauka ya ji.

Ranar da abin ya faru ba ta da wata alama. Da safe, bayan Malama ta fita, Dogo ya duba kwalbar 'yar ƙwayar ƙarƙashin harshe ya ga ta ƙare. Ya ruga shagon magani, ya tarar da layi, ya dawo lokacin hawa aiki ya riga ya yi. A aikinsu in ka makara na'ura ce ke rubutawa, ba ta jin uzuri. Baba yana banɗaki yana wanka. Dogo ya ɗaga murya daga baranda ya ce, “Baba, na sayo maganin, yana wurina, in na fito hutu zan ba ka.” Baba ya amsa da to. Dogo ya ɗaura ƙyalle, ya rufe ƙofa, ya ajiye ledar a gefen kwamfuta, ya sa abin kunne.

Safiya ce mai cunkoso, kira na bin kira. Mafi tsawo a ciki na wani mutum ne da ya sayi takalmi aka kawo masa ƙafar hagu biyu, ya ƙi yarda a canza masa, ya ƙi yarda a mayar masa da kuɗinsa, shi dai sai an gaya masa wanda ya yi wannan aika-aika. Dogo ya yi ta lallashinsa. Da hutu ya yi, ya zare abin kunne, ya ɗauki leda, ya buɗe ƙofa yana cewa, “Baba, yau ka rasa labari, wani ne aka...”

Baba yana kan kujerarsa. Rigar ofis a goge, hula a kan gwiwa, takalmansa a jere a gabansa. Kansa ya jingina da bango, ta ɓangaren ƙofar. Dogo ya ɗauka gyangyaɗi ne, har ya yi murmushi, wai yau ya kama masinja yana barci a bakin aiki. Sai ya ga tsohuwar kwalbar nan da ba komai a ciki, a damƙe a hannunsa, murfin yana ƙasa.

Ina kan keken ɗinki wayarsa ta shigo. Ban gane abin da yake faɗa ba, Yaya kawai nake ji. A asibiti suka ce an jima da cikawa. Likitan ya ce irin wannan bugun zuciyar mai ƙarfi ne, ko da an sa ƙwayar, ko da an kawo shi nan take, ba lallai ba ne. Na riƙe wannan magana na yi ta maimaita wa Dogo, kamar mai shafa wa ƙuna ruwa. Ba ya ji.

Masu ta'aziyya suka ƙara a kai, ba da mugun nufi ba. Kusan kowa ya zo sai ya dafa shi ya ce, “Ai ka yi sa'a, kana gida, a hannunka ya cika. Wasu sai a waya ake gaya musu.” Dogo ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Ni kuwa ji nake kamar in tashi in kori mutane. Malama tana kuka a ɗaki tana cewa ita ta yaga ɗankwalin. Na ce ta rufe mini baki, in ana rabon laifi ni ma na yi dariya ranar da ya sara.

Tambaya ɗaya ce ta hana Dogo cin abinci. Bayan an watse ya same ni a baranda ya ce, “Yaya, ya buga ne ban ji ba? Abin nan yana toshe kunne gaba ɗaya. Wataƙila ya buga, ya kira sunana, ina can ina maganar takalmi.”

Na ce, “To in ka sani me zai ƙara maka?”

“Ina so in sani.”

Ya kira shugabarsa ya roƙe ta. Dokarsu ba ta yarda a ba ma'aikaci abin da aka naɗa ba, amma baiwar Allahn nan ta ce za ta kunna masa ta layi ya ji. Na ce ba zai ji shi kaɗai ba. Muka matsu a cikin siton, ya cire abin kunne ya bar sautin a fili. Ta fara daga kiran farko na safiyar.

Muryar ƙanena ce, mai daɗi, mai haƙuri, muryar mai rigar da aka goge. Tana gaisuwa, tana ban haƙuri, tana alkawarin dubawa. Mai takalmi ya zo ya yi ta faɗa. Akwai wuraren da dukansu suka yi shiru ana jiran kwamfuta, har ƙarar fanka kana ji, har motsin kujerar Dogo. Na kasa kunne kamar raina zai fita. Babu bugu. Babu kiran suna. Babu ko tari. Mutumin da ranar da ciwon nan ya fara kama shi sai da maƙwabta suka ji nishinsa ta bayan katanga, ga shi bango ɗaya tsakaninsa da magani, ya san yana ciki, ya san ɗansa yana ciki, bai bari ko numfashinsa ya shiga aikin yaron ba.

Da aka gama, sai bakin shugabar ya suɓuce ta ce masu saurare sun ba kiran safiyar nan cikakken maki, sun ma rubuta cewa ba a jin komai a bayansa. Tana faɗa ta gane, ta shiga ba shi haƙuri. Dogo ya ce mata babu komai, ya gode, da muryar nan tasa ta aiki. Ya kashe layin, sannan ya yi kukan da bai yi ba tun ranar. Na ji haushin Baba a lokacin, Allah ya jiƙansa, haushi na gaske. Na ce a raina wane irin taurin kai ne wannan, ofishin me, darakta wa? Daga baya haushin ya kwanta, ya bar mini abin da ya fi shi ciwo. Ya shekara yana raina aikin ɗansa, da ya tashi girmama shi kuma, sai ya girmama shi da iyakar abin da ya sani.

Mutane sun ɗauka yanzu Dogo zai fita ya nemi abin da suke kira aikin gaske. Wani tsohon abokin aikinsa ma ya kira shi, akwai gurbi a wani kamfanin, irin yawon da yake so. Ya ce zai yi tunani, har yau yana tunanin. Da hutun da aka ba shi ya ƙare, ya tashi da safe ya goge rigarsa da kansa, ya nemo sukudireba, ya kwance ƙofar siton gaba ɗaya, ya jingine ta a bayan gida. Abin kunnen ma a kunne ɗaya yake sa shi, ɗayan a buɗe. Yanzu komai shiga yake yi: kukan yaran maƙwabta, ƙarar tukunyar Malama, mai tallan ruwa a layi. Makinsa ya sauko, gargaɗi ya dawo. Na ce masa, “Kai Dogo, za ka rasa aikin nan. Wa kake sauraro? Babu kowa a gidan da safe.” Ya ce ya sani.

Kwanan baya na je kai wa Malama ɗinki, na tarar ba ta dawo ba. Na bi baranda. Farar kujerar tana nan inda take, ana share ƙasanta a mayar da ita. Dogo yana kan layi, ya ba ƙofa baya, yana lallashin wani. Ban san lokacin da na ja na tsaya a bakin wurin da leda a hannu ba, ina jira ya gama, yadda aka koya mini. Ban yi motsi ba, amma kunnen nan da ya bari a buɗe ya ji ni. Ya juyo a firgice. Ya ce wa kwastoman ya ɗan dakata, ya dafe makirufon da hannu.

“Yaya, don Allah kada ki ƙara tsayawa a nan. Ki shigo kawai.”

Na shiga. Babu wurin zama a siton, kujerar robar kuwa babu mai taɓa ta, sai na tsaya a bayansa har ya gama ba mutumin haƙuri.